Naira 300 da sauran kwana 17

Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin in taɓa na kowa. Ni ɗalibin Sashen Akanta ne, HND 1. Wato ni ne wanda ake koya wa yadda gobe zai riƙe wa kamfani lissafin miliyoyi. To amma a zangon karatun da ya wuce, ranar 16 ga wata da daddare, na tsaya wajen mai shayin bakin get na ce a soya mini indomi da ƙwai biyu. Na ciro waya zan yi transfa, sai manhajar banki ta ce kuɗina ba su isa ba. Na sake gwadawa, na ɗauka matsalar sabis ce. Da na duba abin da ya rage, naira 300 na gani. Ga indomi kuma an riga an juye a faranti, tana ta tururi.

Mai shayin ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce: "Ba komai Malam, ci abinka, ka kawo in sun shigo." Na ci, amma wallahi ban ji ɗanɗanonta ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ranar 3 ga watan nan naira 45,000 ce ta shigo asusuna. Dubu 20 kuɗin kashewa ne na bashin karatu na NELFUND, dubu 25 kuma Umma ce ta turo. Umma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, kuma na san daga adashin da take zubi ta cire mini su. Kwana 13 kacal, sun tafi. Gabana kuma akwai kwana 17 kafin in sa ran wani alat.

Farkon abin da ya zo mini shi ne an yi mini kutse, ko kuma banki ne ya yi ta yanka a ɓoye. Har na fara shirya faɗan da zan je in yi musu da safe. Sai na ce bari dai in fara duba tarihin asusun. Na ɗauko takarda na ja layi a tsakiya kamar yadda aka koya mana a aji, shiga a gefe ɗaya, fita a ɗaya gefen. Ga abin da na samu.

Indomi da ƙwai sau tara, kowanne 1,500, ya kama 13,500. Shawarma sau uku, dubu uku-uku, 9,000. Lemo da ruwan roba masu sanyi sau goma sha biyu, 6,000. Data 5,000, ina saye dubu ɗai-ɗai. Abin sauraron waƙa na kunne da na gani a status ɗin wani, 3,500, alhali wanda nake da shi yana aiki. Rigar waya 2,000, don kawai kalarta ta burge ni. A Daidaita Sahu 3,000, mafi yawa zuwa inda da ƙafa ma ana zuwa. Ladan masu POS 1,200. Abu ɗaya tak ya shafi karatu, handawut na 1,500. Ku haɗa ku gani, 44,700 ne. Babu ɓarawo, babu kutse. Ni ne.

Abu biyu suka fi ba ni tsoro a takardar nan. Na farko, babu ciniki ɗaya da ya haura naira 3,500. Da a ce takalmin dubu talatin na saya, da tun ranar na san na yi ɓarna, da na kama kaina. Amma waɗannan ƙananan, kowanne a lokacinsa "ba wani abu ba ne." Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido. Na biyu, naira 28,500, kusan kashi biyu bisa uku na kuɗin, a ci da sha na waje suka tafi, kuma cin abinci sau goma sha biyu kawai suka saya mini. Sauran cin da na yi a kwanakin nan, garin kwaki ne da taliyar da na taho da su daga gida.

Ra'ayina ke nan a wannan rubutu: da yawanmu ba a babban abu kuɗinmu ke ƙarewa ba, a ɗari biyar-biyar suke tsiyayewa, kuma yawancin lokaci ba mu ma yanke shawarar kashe su ba. Tsintar kanmu muke yi mun riga mun kashe. In har muna so mu kai ƙarshen wata da mutuncinmu, sai mun gane abin da ke jan mu, kuma sai mun taru mun yi maganinsa, don ƙoƙarin mutum ɗaya ba zai isa ba.

Mu fara da kuɗin kansu. Waɗanda suka yi wayo kafin 2023 za su tuna lokacin da kuɗi ke aljihu. In ka fito da dubu biyar da safe, da yamma hannunka ne zai gaya maka sun ragu. Da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, sai kowa ya koma transfa. Mai shayi, mai awara, mai faci, kowa ya rataye kwali da lambar asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Tsabar kuɗi ta dawo, amma kwalin bai sauka ba. Ba na musun amfaninsa, ya rage mana faɗan canji da tsoron 'yan sane. Sai dai ya ɗauke mana wani abu guda, wato ɗan zafin nan da mutum ke ji idan ya ƙirgo kuɗi ya miƙa. Yanzu yatsa kawai za ka ɗora. Dubu ɗaya da dubu biyar duk taɓawa ɗaya ce.

Sai kasuwa, wadda a da zuwa ake yi, yanzu kuma ita ke zuwa. Kana kwance a hostal ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka buɗe WhatsApp don ka duba ko an ɗage lakcar gobe, sai ga status: turare, agogo, mayafi, takalmi, ƙananan kek a roba. A ƙasa an rubuta "saura biyu" ko "ragin yau kawai." Mai sayarwar kuma 'yar ajinku ce ko ɗan ɗakinku, ka tambayi farashi, sai ka ji kunyar cewa ka fasa. A manyan kantuna ma dabarar ɗaya ce. Ku lura, alewa da cakulan da cingam a bakin wajen biyan kuɗi ake jera su, inda dole ka tsaya a layi kana kallonsu. Farashi kuma 1,999 ake rubutawa maimakon 2,000, don idonka ya fara kama ɗayan. Masu kasuwa sun yi karatun halinmu. Mu ne ba mu yi karatun namu ba.

Yanzu mu zo kan abincin gaggawa, wanda shi ya fi cinye nawa kuɗin. Kada wani ya ce mini baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Bahaushe ya daɗe da nasa: ƙosai da koko da safe, waina, ɗanwake, awara, gurasa, tsire da balangu da yamma, fura da nono da rana. Duk ka tsaya ne a ba ka nan take. Abin da ya sauya shi ne tsada da kuma abin da ake saye tare da abincin. Tun daga Mr Bigg's da ya fara a Legas a 1986, zuwa Chicken Republic a 2004, zuwa rumfunan shawarma da yanzu suka zagaye kowace makaranta, an koya mana cewa cin abinci a wuri mai fitila da gilashi da leda mai tambari wani matsayi ne. Ɗanwake na ɗari bakwai zai riƙe ka har la'asar, amma ba wanda ke ɗaukarsa hoto. Shawarma ta dubu uku bayan awa biyu ka ji kamar ba ka ci komai ba, amma tana kyau a status.

In na yi wa kaina adalci, shawarma ukun nan da na saya babu wadda yunwa ta sa na saya. Ta farko, mun fito daga gwaji ne abokai suka ce a je, na kasa cewa ba ni da hali. Ta biyu, wata 'yar ajinmu ce na raka, kuma kun san sauran. Ta uku, raina ne ya ɓaci da sakamakon wani kwas, na ce bari in faranta wa kaina. Kunya, ganin ido, da ɓacin rai. Waɗannan na biya wa dubu tara. Kuma 'yan uwa mata, kada ku yi mana dariya, ku ma akwai naku: ankon bikin ƙawa, kek ɗin zagayowar ranar haihuwa, da odar nan ta "mu haɗa a kawo mana" da ba wadda ke son a ce ita ce ta ja baya.

Indomi kuwa labarinta daban ne, kuma a nan ne zan kare mu. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha yakan shiga lakca ƙarfe takwas, ya wuce wokshof ko lab, bai fito ba sai dab da magariba. Ya dawo hostal ba wuta, wani lokaci ba ruwa, kuma an hana girki da hita a ɗaki saboda gobara. Wake kuma sai ya yi awa guda a kan wuta. Mai shayi yana nan a bakin get, cikin minti bakwai ya gama maka. Wanda ya ce lalaci ne kawai ke kai mu can bai taɓa yin fraktikal na awa huɗu a tsaye ba. Lokaci muke saye, kuma lokacin yana da tsada.

Ga shi kuma an yi abincin ne don harshe ya nemi ƙari: gishiri, mai, sukari da kayan ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Sukari kuma kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a rana, kimanin giram 50, wajen cokalin shayi 12. Ku juya robar lemon da kuke sha ku karanta abin da aka rubuta a jikinta, ku lissafa na rabin lita. Da yawansu roba ɗaya ta kusa cinye kason ranar gaba ɗaya. Yanzu muna da ƙuruciya, jiki na ɗauka. Amma kowannenmu ya san wani kawu ko wata gwaggo da ke fama da hawan jini ko ciwon suga, kuma ya san abin da magani ke ci a wata.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a ɗaki. "Kai Malam, ka bar ɗora wa ɗalibai laifi. Ƙasa ce ta yi tsada." Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi. A watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Akwai ɗalibai a makarantar nan da ba su taɓa ganin alat na dubu 45 a wata ɗaya ba, waɗanda sau ɗaya suke ci a rana ba don sun yi almubazzaranci ba. Wannan rubutu ba da su yake ba, kuma ba ni da bakin yi musu wa'azi.

Amma ku duba ta ɗaya gefen. Tsadar nan ita ce ma dalilin da ya sa ba mu da sararin yin sakaci. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Akwai magidanci mai mata da 'ya'ya da ke jan wata da wannan. Ni kuma, ni kaɗai, ba haya ba kuɗin makarantar yara, na cinye abin da ya haura rabinsa a kwana 13. Farashin shinkafa ba a hannuna yake ba. Rigar waya ta dubu biyu kuwa a hannuna take.

Wasu kuma za su ce, to ɗalibi ba zai ɗan more ba? Zai more mana. Ni ma ban daina cin shawarma ba, kuma ba na fatan mai shayinmu ya rasa ciniki, mutumin kirki ne, shi ya rufa mini asiri a daren nan. Bambancin shi ne tsakanin abin da ka shirya za ka ci ka ji daɗinsa, da abin da ya faɗo maka ka saya, gobe ka manta ka ci.

Akwai kuma abin da muke mantawa game da dubu ashirin ɗin nan. Ba kyauta ba ce. Bashi ne, duk da ba ruwa a kansa, kuma tsarin shi ne a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashin mutum shekara biyu bayan ya gama bautar ƙasa. Wato indomin da na ci a zangon da ya wuce, wani mutum ne zai biya ta nan da 'yan shekaru, mai sunana, wataƙila da mata da jariri. Da na yi wannan tunanin sai na ji kunyarsa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne bashin manhajojin waya. Wani abokina da kuɗinsa suka ƙare a tsakiyar wata ya ciyo dubu goma a ɗaya daga cikinsu. Ya makara da 'yan kwanaki, sai suka bi lambobin da ke wayarsa suna tura saƙo cewa shi macuci ne. Saƙon ya je wa kawunsa, ya je wa limamin unguwarsu. Kuɗin ya biya, amma har yau bai gama biyan abin da ya biyo baya a gida ba. Da na tambaye shi me ya yi da dubu goman, ya daɗe yana tunani, ya kasa tunawa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Ni kuwa yadda na ƙarasa kwana 17 ɗin nan, ba na so in sake. A rana ta huɗu na kira Umma. Na yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa ta gane. Ta ce: "Sun ƙare ko?" Na ce eh, abubuwa sun yi tsada. Ta yi shiru kaɗan, ta ce: "To, bari in ga abin da Allah zai yi zuwa jibi." Ba ta tambaye ni lissafi ba. Da ta tambaya ma da ya fi mini sauƙi. Jibin ta turo dubu bakwai, daga baya ƙanwata ta gaya mini man da ta ajiye don kasuwar mako ta karyar ta sayar.

Daga nan na sauya abubuwa huɗu, kuma zan faɗe su don ko wani zai amfana, ba don na zama gwani ba.

Na farko, ranar da alat ya shigo nake raba kuɗin, ba washegari ba. Na abinci da na karatu su koma wani asusu da ba na yawo da katinsa. Na kashewar mako kuma in ciro su tsaba, sau ɗaya. In sun ƙare ranar Alhamis, to sun ƙare.

Na biyu, duk abin da na gani a status ko a kanti wanda ban fito dominsa ba, sai ya kwana. In gari ya waye ina sonsa, kuma na san inda kuɗinsa za su fito, in saya. Wallahi mafi yawansu kafin safiya na manta da su. "Saura biyu" ɗin nan kuma, bayan mako guda za ka tarar har yanzu saura biyu.

Na uku, ba na fita lakca da cikina fayau. Ko ƙosai da koko ne, ko gyaɗa da dabino a jaka. Mai jin yunwa ba ya ciniki, duk abin da aka ce masa biya yake yi.

Na huɗu, wanda ya fi duka aiki, shi ne tukunya ɗaya. Mu huɗu a ɗakinmu kowa ya kawo dubu 15 a farkon wata. Muka je kasuwa da kanmu muka auno shinkafa da wake da taliya, muka sayi mai da yaji da albasa, muka cika ƙaramar tukunyar gas da muke girki da ita a waje. Kowa da ranar girkinsa. Abincin dare na wata guda ya kama wa kowa kimanin naira 500 a rana, garau-garau mai rai da lafiya, wanda ya ninka indomin 1,500 riƙe ciki. Ana samun saɓani, ba zan ɓoye ba. Akwai mai cika gishiri, akwai mai gudun wanke-wanke, akwai mai gayyato baƙi. Amma tun da muka fara, ba wanda ya kwana da yunwa a cikinmu ranar 25 ga wata.

Wannan ne ya kawo ni ga Ƙungiyar Ɗalibai, tunda mujallarta ce. Shugabanninmu, lokacin zaɓe kun raba mana lemo da ƙananan kek, mun sha mun gode. Yanzu ga abin da muke so. Ku nema mana wurin girki na bai ɗaya a kowane hostal, mai tsaro da ruwa, tunda hana girki a ɗaki ba tare da an ba mu wani wuri ba tura mu bakin get ne kawai. Ku zauna da masu sayar da abinci a cikin makaranta a samu kwano ɗaya mai sauƙin kuɗi da kowa ya san farashinsa, a rubuta a manna. Ku duba yiwuwar sayo hatsi da buhu lokacin kaka, a riƙa auna wa ɗalibai a farashin sari, da lissafi a buɗe wanda kowa zai iya dubawa. Muna da 'yan Akanta, muna da 'yan Kasuwanci, muna da 'yan Kimiyyar Abinci. In ba mu iya tafiyar da shagon hatsi ɗaya ba, me za mu je mu gaya wa masu ɗaukar aiki? Sannan a makon karɓar sababbin ɗalibai, a ware ko awa ɗaya a yi wa 'yan ND 1 bayanin yadda ake raba kuɗin wata da haɗarin bashin manhaja, tun kafin su koya ta hanyar da muka koya.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, ba na neman ku yarda da ni. Abu ɗaya nake roƙo. Yau da daddare ku buɗe manhajar bankinku, ku ɗauko tarihin kwana talatin da suka wuce, ku rubuta a takarda da hannunku. Ku sa alama a kan duk abin da kuka fito da niyyar saye, ku bar sauran. Sai ku haɗa sauran, ku tuna wanda ya turo kuɗin da yadda ya same su.

Mai shayi dai na biya shi 1,500 ɗinsa ranar da alat ya shigo, kafin in taɓa komai. Takardar nan kuwa tana manne a jikin ƙofar akwatina har yanzu.